Tagar Gabas ta Rudun Albasa

Shekara huɗu da rabi ina karanta Injiniyarin Fiziks a jami'a, amma har yau in ka tambayi mutanen Danchadi abin da Bahijjar Malam Altine take karantawa, rabi za su ce gyaran rediyo, rabi su ce likitanci. Na gaji da gyara musu. Kwas ne da ake koya maka yadda zafi yake tafiya, yadda iska take gudu, yadda wuta take bin waya, sannan a ce to je ka ƙera wani abu da su. Mu talatin da ɗaya muka fara, uku mata. Kafin shekarar ƙarshe lissafi ya kori goma sha biyu, har da sauran matan biyu, na rage ni kaɗai da bakina. Kuma ina da baki, ban taɓa ɓoyewa ba.

A shekarar ƙarshe kowa sai ya yi furojet, wato aikin da za ka ƙirƙira, ka rubuta shi, ka tsaya gaban malamai ka kare shi. In babu furojet babu digiri. Dakta Hamza, malamin da aka ba mu ya riƙa duba aikinmu, ya raba mu bibbiyu, ni ya haɗa ni da Shamsuddeen. Shamsuddeen ɗan Shagari ne a takarda, amma a birnin Sakkwato ya tashi, sai da Sallah yake zuwa garinsu ya gaida tsofaffi ya koma. Shi ne shugaban ajinmu, shi ke ɗaukar wa malamai jaka, shi ke goge allo tun ba a ce ya goge ba. Kullum fes-fes yana ƙamshi, hannunsa bai san kalar fartanya ba.

Tunanin aikin nawa ne, daga gidanmu na ɗauko shi. Babana manomin albasa ne. In an cire albasa a ƙarshen rani ba a sayar da ita nan take, don lokacin ta yi yawa a kasuwa. Ana zuba ta a rudu, wani ɗan ɗaki na kara da zana da ake ɗagawa a kan duwatsu, ta jira har ta yi daraja. To a jiran nan zafi da rashin iska suke cinye kusan kashi ɗaya cikin uku. Tun ina yarinya nake taya Baba tsince ruɓaɓɓiya, ina toshe hanci ina mita. Sai na ce me zai hana a kafa dogon bututun kwano a saman rudu, a shafe shi da baƙin fenti? Rana ta gasa shi, iskar cikinsa ta yi zafi ta tashi sama, ta jawo sabuwa daga wata taga a ƙasa, ta ratsa cikin albasa. Babu batir, babu janareta, babu jiran wutar da ba ta zuwa.

A watan Fabrairu wani mai walda a Bodinga ya naɗe mini bututun, muka kafa shi ni da Baba. Yana riƙe da tsani yana kallona sama.

"Wanga bututu naki in yat tashi da rudu gaba ɗai, ke za ki biyo shi," in ji shi.

"Ba shi tashi, Baba. Na yi lissahi."

"To, Allah shi sa lissahin naki ya san iskar Danchadi."

Na rataya na'urorin auna zafi da laima a ciki. Kowane mako sai na hau bas daga Sakkwato zuwa Bodinga, na hau keke-napep zuwa Danchadi, na yi kwana uku ina awo safe da rana da yamma, ina rubutawa a wani koren littafi. Na yi baƙi, gyalena ya koma warin albasa, 'yan ɗakinmu suka fara kirana da Miyar Danchadi. Shamsuddeen sau ɗaya ya zo. Ya leƙa, ya ce idonsa na yaji, ya koma mota ya zauna. Ya ce mu raba aiki, ni na yi awo, shi ya buga a kwamfuta. A ƙarshen Maris na miƙa masa koren littafin da hannuna, da zanen da komai. Wannan wautar tawa ce, ba na ɗora wa kowa.

Mako biyu bayan haka aka liƙa jerin furojet a allon sanarwa. Ga sunan aikina, ga sunan Shamsuddeen Abdullahi a gabansa, shi kaɗai. Nawa sunan yana can ƙasa cikin waɗanda ba su da aiki. Na karanta sau uku, sannan na wuce ofishin Dakta Hamza ko sallama ban tsaya yi da kyau ba. Na tarar da Shamsuddeen a ciki yana jera masa takardu.

Dakta ya jawo rajistar ɗakin gwaji ya ajiye gabana. "Duba nan, Bahijja. Tun Fabrairu sau nawa kiz zo? Abokin aikinki ya ce kin koma gida kin bar mai aiki."

"Gida aikin yake, Dakta! Rudun babana na!"

"Wallahi, ranka shi daɗe, na yi ta kiranta," in ji Shamsuddeen, murya ƙasa-ƙasa. "Ta dai ara mani wuri, kuma na gode."

Na ce ina littafina. Ya ce wane littafi. Na nuna hotuna a wayata, Dakta ya ce hoto a gidan ubanka ba hujja ba ne. Da na yi shiru nan, na roƙi Dakta ya je Danchadi ya gani, wataƙila da an gyara. Amma ni ce. Na kira Shamsuddeen ɓarawo, na kira shi ɗan kanzagi, na ce Dakta ma in ba don ana ɗaukar masa jaka ba ai da ya gane. Kalmar nan ta ƙarshe ita ta rufe ƙofa. Dakta ya ce in nemi sabon aiki, in ban gama kafin watan Yuli ba in maimaita shekara. Wa zai fara furojet a Afrilu ya gama a Yuli? Maimaita shekara ke nan kawai, ya faɗa ne a sakaye.

Na fito na zauna gindin dogon yaro na yi kuka, kukan haushi ba na tausayin kai ba. A nan na ɗauki alkawari sai na ga idon Shamsuddeen a ƙasa, a gaban mutane, yadda ya sa nawa. Ban san ta yaya ba tukuna. Ban gaya wa Baba komai ba, na ci gaba da zuwa ina awona a sabon littafi.

Shi da kansa ya buɗe mini hanya. Aka ce farfesar da za ta zo daga wata jami'a ta yi mana jarabawar ƙarshe, Farfesa Na'ima, ba ta yarda da takarda, sai ta ga abin da aka ƙera da idonta. Shamsuddeen ba zai kai ta Danchadi ba, don haka ya gina nasa rudun a bayan gidansu a Shagari. Ya bi zanena layi-layi, ya cika shi da albasa, ya riƙa nuna wa 'yan aji hoto. Na karɓi wayar wani na duba. Nasa ya fi namu kyau nesa ba kusa ba, har da fentin ƙasa. Ga taga a ƙasa tana kallon gabas, daidai yadda na zana. Ina gani na ji wani sanyi a raina.

Abin da babu a koren littafin shi ne wannan. A Fabrairu da Maris na yi awo, lokacin busasshiyar iska daga gabas take zuwa, shi ya sa na sa taga can. Amma a ƙasarmu ruwan sama ma daga gabas yake zuwa, kuma ba a tsaye yake sauka ba, a kwance iska take koro shi. Duk manomin albasa ya san ranar da shamuwa ta sauka a kan bishiyar gari, ranar ake toshe gabashin rudu da zana biyu, a buɗe yamma. Ba wanda yake rubuta wannan, kamar yadda ba wanda yake rubuta cewa a rufe tukunya in an gama tuwo. A farkon Mayu shamuwa ta sauka a Danchadi, Baba ya toshe gabas, ni na yanka sabuwar taga a yamma.

A makon ne Shamsuddeen ya tare ni a bakin ɗakin karatu. Ya yi ta kame-kame, ya tambayi lafiyar Baba, ya ce abin da ya faru rashin fahimta ne, in an gama zai yi wa Dakta magana. Na bar shi ya gama zuba.

"Wata tsohuwa ta can gida ta dame ni," ya ce daga ƙarshe. "Wai sai in toshe tagar gabas. In an toshe, iska ta ina za ta shiga? Ke mi kig gani?"

Na kalle shi. Da ya ce mini, Bahijja na cuce ki, zo mu je gun Dakta yanzu, wallahi da na gaya masa. Bai ce ba. So yake ya ƙara kwasar abin da ke kaina ya tafi da shi kyauta.

"Zanen mi yac ce?" na tambaye shi.

"Gabas."

"To bi zane mana. Tsohuwar ta yi fiziks?"

Ya yi dariya, ya ce shi ma abin da ya gani ke nan. Ya tafi yana gode mini, ni kuma na shiga ɗakin karatu na kasa karanta ko layi ɗaya don murna.

Ruwan farko ya sauka wata Talata da la'asar. Gabas ta haɗe ta yi baƙi, iska ta taso tana buga tagogin aji, kowa yana gudun neman mafaka. Ni na tsaya a baranda ruwa yana feso mini a fuska, ina addu'ar Allah ya sa har Shagari. Na san abin da ke faruwa a can dalla-dalla, don ni na tsara shi. Ruwa zai shiga ta taga ya jiƙa albasar ƙasa. Gobe rana ta fito, bututu ya yi zafi, ya jawo wannan laimar ya ratsa da ita ta cikin kowace albasa har sama. Abin da na ƙera don ya hana ruɓa, shi zai raba ruɓar daidai wa daida. Aka yi ruwa huɗu kafin ƙarshen Yuni, kowanne na ƙirga shi. Shamsuddeen yana birni yana haddace abin da zai faɗa, ya kulle rudu ya taho da makulli don kada a taɓa masa kaya.

Ranar jarabawa Dakta Hamza ya sa aka kawo bas ɗin sashenmu, wai duk aji mu je mu ga aikin da ya fi na kowa. Na riga kowa shiga. Na sa atamfata ta Sallah.

Tun daga bakin lungun gidan su Shamsuddeen a Shagari warin ya tare mu. Wanda bai taɓa jin warin ruɓaɓɓiyar albasa mai yawa ba, ba zan iya kwatanta masa ba, sai dai in ce har a harshe ake jin sa. 'Yan aji suka fara toshe hanci. Shamsuddeen ya ce ai kwata ce ta maƙwabta. Ya sa makulli ya buɗe, wani baƙin ruwa ya gangaro ya bi ta kan takalminsa, ƙudaje suka tashi buu. Albasar ta zama kunu daga ƙasa har rabi, ta sama kuma ta yi tsiro ta yi laushi. Wata tsohuwa ta fito daga cikin gida da kwando, ta tsaya, ta ce innalillahi, sannan ta durƙusa ta fara tonon masu ɗan sauran rai. Na gan ta, amma ba ita na zo kallo ba.

Farfesa Na'ima gajeriyar mace ce mai tabarau, ko hanci ba ta toshe ba. Ta zagaya rudun sau ɗaya, ta tsaya gaban tagar.

"Me ya sa tagarka take kallon gabas?"

"Haka lissafi ya nuna, ranki shi daɗe."

"Madalla. Nuna mini lissafin."

Ya buɗe kundinsa, ya juya shafi, ya dawo baya, ya sake juyawa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya kalli Dakta, Dakta ya kalli bututu. Na bar shi ya daɗe a haka, na sha kallona, sannan na ɗaga hannu.

"Babu lissafi a wurin, Farfesa. Zare na ɗaura a kan kara, na tsaya mako guda a Danchadi ina duba inda iska take kaɗa shi. Gabas ta rani ce. In shamuwa ta sauka ana toshe ta a buɗe yamma, in ba haka ba bututun zai jawo laima ya raba wa albasa."

Ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. "Ke wace ce?"

"Mai aikin."

Dakta ya fara cewa ai wannan ɗalibar tana da matsala, Farfesa ta ɗaga masa hannu. Ta yi mini tambaya biyar a tsaye a wurin: tsawon bututu, dalilin faɗinsa, bambancin zafin ciki da na waje da tsakar rana. Na ba ta har da ranar da na auna kowanne. Ta juya ta yi wa Shamsuddeen ɗaya tak, wa ya naɗe bututun farko. Bai san ko a Bodinga aka yi ba. Ta ce wa direba Danchadi ai kan hanyarmu ta komawa take, ko?

Baba yana gyaran kunyar gero muka iso. Ya buɗe rudu, albasa jawur, busasshiya, ɓawonta yana ƙara in ka taɓa. Farfesa ta zura hannu har gwiwar hannu ta zaro ta ƙasa, ta matsa, ta sansana. Ta karɓi sabon littafina ta zauna kan turmi ta karanta. Da ta gama ta ce wa Dakta Hamza, a gaban kowa, a cire sunan da ke kan aikin nan a sa nawa, shi kuma wancan a kai maganarsa kwamitin ladabtarwa. Na nemi idon Shamsuddeen. Yana can jikin bas shi kaɗai, ba wanda ya tsaya kusa da shi saboda warin takalminsa, kansa a ƙasa. Na jira wata uku don wannan, kuma ba zan yi ƙarya ba, ya yi mini daɗi yadda na zata, har ya fi.

Bas ta tafi ta bar ni, na ce zan kwana gida. Ina ta zuba wa Baba labari, da yadda aka sace, da yadda na rama, har ina kwaikwayon yadda Shamsuddeen yake juya shafi. Baba yana ɗaure bakin rudu bai yi dariya ba.

"Kin san ruwa za shi shiga?"

"Na sani."

"Kuma ya tambaye ki?"

"Ya tambaye ni. Shi ma ai ya san abin da yay yi mani, Baba."

"Shi wanga yaro da kic ce bai san hwartanya ba, ina yas samu albasa cike da rudu?"

Wata uku ina lissafin yadda za ta ruɓe, ban taɓa tambayar albasar waye ce ba.

Baba ya kira wani abokinsa a Shagari, magana ba ta yi minti biyu ba. Tsohuwar mai kwando ce. Sunanta Inna Habiba, 'yar Horo Birni, wani ƙauye kusa da Shagari, ita ta yi renon uban Shamsuddeen. Tana da ɗan fili a bakin madatsar ruwa, noman raninta na bana gaba ɗaya ta ba shi, don ya ce mata na'urarsa za ta riƙe mata har kaka.

"Gobe ki ɗauki buhu shida cikin wagga," in ji Baba, "ki kai mata da kanki. Kuma ki hwaɗa mata da bakinki, tunda kina da shi."

Na yi gardama. Na ce Shamsuddeen ne ya karɓi albasarta, shi ya kulle, shi ya kamata ya biya. Baba ya ce haka ne, amma Shamsuddeen ba ɗansa ba ne.

Da hantsi na isa Horo Birni a bayan wata a-kori-kura. Na same ta a tsakar gidanta ta baza abin da ta tsinto jiya a kan tabarma, bai fi kwando biyu ba, tana yanke gefen da ya lalace da wuƙa. Na gaishe ta na durƙusa. Da aka fara sauke buhuna ta tashi tsaye tana tafa hannu, ta gane ni.

"Ke ta yarinyar jiya mai maganar shamuwa! Allah shi yi maki albarka, ɗiyata. Ke kin san abin da munka sani. Ni na hwaɗa mai, wallahi na hwaɗa mai, nic ce Shamsu toshe gabas. Har ya ɗauko zana za shi toshewa. Sai yad dawo daga makaranta yac ce ya tambayi wata mai ilimi, tac ce a bari." Ta girgiza kai, ta kama hannuna ta riƙe. "Da ke yat tambaya, da albasata tana nan."

Hannunta duk yankan wuƙa ne, yana warin abin da na sani. Na dubi buhunan, na dubi tabarmar.

"Ni yat tambaya, Inna," na ce.